Tumbutu a shekarar da aka dawo da biki bakin gari

A farkon Janairun 2010, hunturu na kan ganiyarsa, muka tashi daga Yamai da asuba a motar Gawo. Hanyar tana bin gaɓar kogin Kwara, a ratsa Tillaberi da Ayoru, a tsallaka iyakar Mali a Labezanga, sai Ansongo. Kwaltar sabuwa ce a lokacin, jandarmomi da 'yan duwan (kwastan) ne kawai suka ci mana lokaci. Daga Gawo muka haye gadar Wabariya muka miƙa yamma, muka wuce Gosi da duwatsun Hombori, inda dutsen nan mai yatsu da ake kira Hannun Fatima ke tsaye a gefen hanya. A Duwanza kwalta ta ƙare mana. Abin da ya rage kimanin kilomita 200 ne na jar ƙasa da gargada, a bayan Land Cruiser ɗin da aka cusa mu cikinta har da buhunan albasa.

Bikin da za mu je shi ne wanda ake kira Festival au Désert, wato bikin kiɗan sahara. Abzinawa ne suka fara shi a 2001 a Tin Essako cikin yankin Kidal, aka yi na biyu a Tessalit, sannan daga 2003 ya sami mazauni a Essakane, wani wuri mai farin rairayi kimanin kilomita 65 daga Tumbutu. Can ya yi suna. A shekarar farko ta Essakane mawaƙin Mali Ali Farka Touré ya yi wasa, mawaƙi Robert Plant ɗan Ingila ma ya zo, daga nan Turawa suka dinga ɓulɓulowa. To a wannan karon sai masu shiryawa, ƙarƙashin Manny Ansar, suka ce ba za a je Essakane ba, a tudun rairayin da ke bayan garin Tumbutu za a yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Janairun 2009 aka sace Turawa huɗu kusa da iyakar Mali da Nijar, suna dawowa daga wani bikin Abzinawa a Anderambukan, kuma daga baya 'yan Alƙa'ida suka kashe ɗan Birtaniya da ke cikinsu. A Nuwamba aka sake ɗauke wani Bafaranshe a Menaka. Gwamnatocin Faransa da Birtaniya da Amurka duk sun gargaɗi mutanensu kada su taka arewacin Mali.

Tun a bakin kogi, muna jiran jirgin fito da zai tsallakar da mu Koriyume, na fara jin gardamar. Direbanmu Balarabe ne na Tumbutu, yana da Zabarmancin kasuwa daidai da nawa, da shi muka lallaɓa. Ransa a ɓace yake. Ya ce a da sati ɗaya na bikin nan ya fi masa wata uku na jigilar fasinja, domin babu mai isa Essakane sai da mota mai ƙarfi da direban da ya san rairayi, ya san inda zai rage iskar taya. Baturen da motarsa ta kafe, abin da ka faɗa shi zai biya. Bana kuwa, in ji shi, ko jaki ya isa ya kai mutum.

Da gaskiyarsa. Daga masaukina na taka da ƙafa har filin, na wuce ta gaban ginin tunawa da Wutar Zaman Lafiya, inda a watan Maris na 1996 aka ƙone bindigogi kusan 3,000 bayan tawayen Abzinawa. Har an dasa wasu tsofaffin bindigogin a cikin siminti. Kaɗan gaba sai ga dandali an kafa shi a kwari tsakanin tuddai, jama'a na zaune kan gangaren rairayi suna kallon ƙasa, motocin soja kuma sun yi wa wurin zobe. Idan ka juya arewa sahara ce zalla. Idan ka juya kudu ga fitilun gari, kana ma jin kiran sallar isha'i.

Wannan juyawar kudu ita ce ta dami Turawan da suka saba da Essakane. Wata dattijuwa Bafaranshiya da muka zauna kusa ta shafe lokaci tana ba ni labarin yadda can yake: ba waya, ba fitila sai ta dandali, ka kwana a tantin fata, ka farka ka ga raƙuma sun kewaye ka. Ta ce a nan yara masu talla ba sa barin mutum ya numfasa, babura suna ta ƙara, filin ya zama kasuwa. Na saurare ta da ladabi, kuma ban ƙaryata ta ba, domin ni ma wani yaro ya bi ni da zobban azurfa har sai da na rantse masa cewa ni ba Bature ba ne balle in yi kuɗin Bature. Amma abin da take kuka a kai, idan aka tace shi, shi ne mutane sun yi yawa, kuma mutanen nan su ne masu garin. Tana nufin a bar sahara wayam don ta ji daɗin kaɗaici na kwana uku, ta hau jirgi ta koma.

Masu garin kuwa baki har kunne. Matar da nake sayen burodi a wurinta da safe, a gindin irin tandun laka masu tsini da ake gani a lungunan Tumbutu, ta ce shekara da shekaru tana ganin motoci suna wucewa da baƙi, ƙura kawai ake bar mata. Ba ta taɓa ganin bikin da ake danganta shi da garinsu ba sai bana. Ranar farko ta rufe tanda da wuri, ta yafa mayafinta mai shuɗi, ta kwashi 'ya'yanta mata suka tafi. Burodin nata akwai daɗi da zafinsa, sai dai haƙori ba ya rasa haɗuwa da rairayi, kuma a garin babu mai ɗaukar wannan a matsayin aibi. Masu otal da masu rakiyar baƙi zuwa masallacin Jingarai Ber da na Sankore su ma sun ce gara haka: baƙi sun ragu ƙwarai, amma ɗan wanda ya zo a gari yake kwana, a gari yake ci. Samari kuwa ba su da wata falsafa. Da an kaɗa takamba sai su tashi, su ware hannuwa, su shiga rausaya kafaɗa a hankali yadda rawar ta gada.

Ra'ayin da ya fi tsaya mini a rai sai da na nemo shi. A bayan dandali, nesa da amsa-kuwwa, akwai tantunan waɗanda suka zo da raƙuma. Wani dattijo ya ji ina gaisawa da Hausa, ya ɗago ya ce, "Malam, daga ina?" Ashe ya yi zama a Agadas, har Kano ya taɓa zuwa fatauci. Ya zaunar da ni a tabarma, ya ɗora shayi kan gawayi, yana ɗaga butar sama yana tsiyayawa har kumfa ta cika ɗan kofin, ba ya sauke amawali sai zai kurɓa. Na ce, "Baba, yaya ka ga sabon wurin?" Bai yi saurin amsawa ba. Ya ce shi daga yankin Essakane yake, wajen tafkin Fagibin, wanda ya ƙafe tun farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Bikin nan ne kaɗai abin da ke kawo kuɗi yankinsu a shekara: a yi hayar tantunansu, a sayi tumakinsu, a hau raƙumansu, matansu su sayar da kayan fata. Ban da kuɗi, ya ce tun kafin a san da wani dandali makiyaya suna da irin wannan taro nasu, wanda suke kira temakannit, inda dangi ke haɗuwa a sasanta rigima, a yi tseren raƙuma, mata su buga gangar tende. A Essakane baƙi ne ke zuwa wurinsu. A nan su ne baƙi, kuma yawancin tsofaffi da mata ba su iya tahowa ba.

Bai zagi kowa ba, bai ma ce an yi kuskure ba. Da na kawo maganar tsaro sai ya ce ya sani, idan aka ɗauke Bature ɗaya a Essakane su za a fara ɗora wa laifi. Ni dai a ganina masu shiryawa ba su da wata mafita, kuma na fi son bikin da mai tanda za ta iya zuwa da ƙafarta. Sai dai asarar da aka fi yayatawa a ranakun nan ita ce ta Turawa, su ne ke da kyamara da bakin magana da 'yan jarida, alhali tasu ce mafi ƙanƙanta.

Daren ƙarshe sanyi ya yi tsanani har na kasa zama, na koma gari tun ana tsakiyar wasa, abin da ba zai yiwu ba a Essakane. Kiɗan ya biyo ni har ɗaki. Washegari na bi ta kasuwa na sayi ɓallin gishirin Taudeni na tsaraba, na nemi motar Duwanza.

An sake yin bikin a wurin a 2011 da 2012. Na 2012 ya zo ne bayan an kashe wani Bajamushe an kuma sace Turawa uku a cikin garin Tumbutu kansa a Nuwamban 2011, duk da haka aka yi, har mawaƙi Bono ɗan Ireland ya hau dandali tare da Tinariwen, ƙungiyar mawaƙan Abzinawa. 'Yan kwanaki bayan an watse, ranar 17 ga Janairu, sabon tawaye ya ɓarke a Menaka, a watan Afrilu kuma Tumbutu ta faɗa hannun 'yan bindiga, waɗanda suka haramta kiɗa. Tun daga nan bikin bai koma Essakane ba, bai koma bayan gari ba. Masu shirya shi sun mai da shi ayari mai yawo, suna raɓawa da bikin kogin Kwara na Segu da wani na M'hamid a kudancin Maroko.