La'asar a cikin tarago

A watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, saboda haka azahar da la'asar da magariba sukan taru a cikin sa'o'i huɗu kacal, kuma duk wanda tafiya ta kama shi a wannan tsakanin sai ya yi lissafi tun daga gida. Ni ban yi lissafin ba ranar da nake son ba da labarinta. Na yi azahar a gida na fito, da nufin in yi la'asar idan na sauka, sai jirgin ƙasan ya tsaya cak a tsakiyar gonaki fiye da sa'a guda, ina kallon rana ta taga tana yin ja. Da yake da alwalata, sai na gyara zama a kan kujerata, na yi kabbara a hankali, na yi raka'a biyu da nuni, ina sunkuyar da kai a madadin ruku'u da sujada, da niyyar in sake ta idan na samu wuri.

Ina tahiya na ji matar da ke kujerar da ke fuskantata ta tattara jakarta ta tashi. Na yi sallama ke nan sai ga mai duba tikiti a kaina, wani dattijo mai furfura, yana tambayata cikin ladabi: "Yallabai, lafiya dai ko? Jakar da ke sama taka ce?" Na ce masa tawa ce, kuma salla na yi. Ya gyaɗa kai, ya duba tikitina wanda ya riga ya duba tun farkon tafiya, ya wuce. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya sauke ni, amma har muka isa ban ƙara motsa leɓena ba, carbin da ke aljihuna ma ban taɓa shi ba.

Ban ga laifin matar ƙwarai ba, domin tsoronta yana da tushe. A ranar 11 ga Maris 2004 bama-bamai sun tashi a jiragen ƙasa huɗu a Madrid, mutane fiye da 190 suka mutu. A ranar 7 ga Yuli 2005 wasu samari huɗu suka tayar da bam a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da bas ɗaya a Landan, suka kashe mutum 52, kuma sun yi haka ne da sunan addinin da nake yi. Tun daga lokacin lasifikar tashoshi ba ta daina roƙon fasinjoji su kai rahoton duk abin da hankalinsu bai kwanta da shi ba. A New York hukumar sufuri ta birnin ce ta fara yaɗa taken da ma'anarsa ita ce "in ka ga wani abu, ka faɗa", daga baya a 2010 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta ɗauke shi ta baza shi ƙasa baki ɗaya. Matsalar ita ce an ce wa mutane su faɗi abin da suka gani, ba a koya musu abin da ya kamata su duba ba. Mutumin da bai taɓa ganin salla ba sai a labaran talabijin, kuma bai taɓa jin "Allahu Akbar" ba sai a bidiyon hari, da me zai cike wannan giɓin in ba da ni da irina ba?

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta limamai shida a Amurka. A ranar 20 ga Nuwamba 2006 sun gama wani taron limamai a Minneapolis, za su hau jirgin US Airways mai zuwa Phoenix, sai wasu daga cikinsu suka yi salla a zauren jira kafin a kira fasinjoji. Bayan an shiga jirgi wani fasinja ya miƙa wa ma'aikatan jirgi takarda cewa ya ga Larabawa suna ambaton Allah da ƙarfi kuma bai yarda da su ba. Aka haɗa wannan da cewa ba wuri ɗaya suka zauna ba, da cewa wasunsu sun nemi ƙarin ɗamarar kujera, aka sauke su, aka sa musu ankwa, aka tsare su sa'o'i ana yi musu tambayoyi. An bincike jirgin da kayansu ba a samu komai ba, aka sallame su ba tare da tuhuma ba, amma duk da haka kamfanin ya ƙi sayar musu da wani tikitin, sai wani kamfani suka bi suka koma gida. Ɗaya daga cikinsu makaho ne.

Sun kai ƙara a 2007, kuma abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki fiye da saukewar kanta. Da yake ƙarar ta haɗa har da fasinjojin da suka kai rahoto, majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka a wannan shekarar wadda ta kare duk wanda ya kai rahoton zargi da kyakkyawar niyya daga a kai shi kotu, kuma limaman suka cire fasinjojin daga ƙarar. A Yulin 2009 mai shari'a Ann Montgomery ta ƙi wanke jami'an da suka kama su, ta ce shari'a ta ci gaba, sannan a Oktoba aka sasanta a kan kuɗin da ba a bayyana ba. Wato dai mai zargi ya samu kariyar doka cikin watanni, wanda aka zarga kuwa sai da ya yi fiye da shekara biyu yana zirga-zirgar kotu.

Abin da na kasa samun amsarsa daga masu cewa rigakafi ya fi magani shi ne wannan: yaushe salla ta taɓa zama alamar mai kai hari? Hoton da kyamarar tsaro ta ɗauka na maharan Landan a tashar Luton ya nuna samari cikin tufafi irin na kowa da jakunkunan goyo, babu abin da ya bambanta su da masu zuwa yawon buɗe ido. Mai mugun nufi sajewa yake nema, ba zai shimfiɗa darduma a gaban jama'a ya ja hankalin kowa ba. Mu 'yan arewacin Najeriya muna da misali mai ɗaci a kan wannan. Umar Farouk Abdulmutallab ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit a ranar 25 ga Disamba 2009 da bam a cikin kamfai, alhali mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja makonni kafin haka ya yi gargaɗi a kansa. Ga bayani na gaskiya daga bakin uba, bai hana yaron hawa jirgi ba, ga kuma sallar magariba ta sa an yi wa limamai ankwa.

Kuma idan tsoro ya tashi ba ya tambayar addinin wanda ya faɗa wa. Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai aikin wayar lantarki, ba Musulmi ba ne, amma 'yan sanda sun harbe shi har lahira a cikin jirgi a tashar Stockwell ta Landan ranar 22 ga Yuli 2005 bisa zaton wani ne daban. A Janairun 2010 aka karkatar da wani jirgin sama da ya tashi daga New York, aka saukar da shi a Philadelphia, saboda wani matashi Bayahude ya ɗaura 'yan akwatunan fata da igiyoyin da suke ibada da su a goshi da hannu.

Wani abokina da muka yi wannan hira ya ce laifina ne, kuma yana da hujja. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya ba shi kasaru, ya ba shi damar haɗa azahar da la'asar, kuma manyan filayen jiragen sama da wasu tashoshi suna da ɗakin ibada. Na yarda cewa wanda ya tare hanyar tarago ko ƙofar fita da sahu ya cutar da mutane, kuma ɗaga murya a wurin da jama'a suke a takure ba ya ƙara wa salla lada. Amma ni a zaune nake, ban tare wa kowa hanya ba, muryata ba ta kai kunnen na kusa da ni ba. Rangwamen da shari'a ta yi saboda wahalar tafiya ta yi shi, kuma ina jin wani iri idan na kama kaina ina amfani da shi saboda kada a gan ni.

Na girma ne a inda fasinja kan ce "Direba, a tsaya mu yi salla", a faka a gefen titi tsakanin Zariya da Kano, buta ɗaya ta zagaya mutum goma, wanda ba Musulmi ba ya sauka ya sayi rake yana jira. Kuma ba don ba mu san bam a tasha ba, domin an tayar da shi a tashar mota ta Sabon Gari a Kano a Maris 2013, an tayar a Nyanya a Afrilun 2014, kuma yawancinmu mun san gidan da aka yi zaman makoki. Bayan waɗannan hare-hare an riƙa bincikar jaka da but ɗin mota a ƙofar tasha, an riƙa zargin kayan da aka ajiye babu mai su, amma ban taɓa jin an kai ƙarar wani don ya yi sujada ba, saboda kowa ya san abin da yake gani.

Yanzu idan zan yi doguwar tafiya a lokacin sanyi nakan haɗa sallolina kafin in bar gida, in kuma zaɓi kujerar da ke kusa da taga a ƙarshen tarago. Makon jiya ɗana mai shekara tara ya tambaye ni abin da ya sa nake jan carbi a cikin aljihu idan muna cikin jirgi alhali a gida a fili nake ja, na ce masa sanyi ne ke damun hannuna.