Yadda ƙwayoyin T ke kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga

Ƙwayar cutar ƙyanda, da zarar ta shige cikin ƙwayar halittar jiki, garkuwar da ke yawo a ruwan jini ba ta isa gare ta. Sai an kashe maɓoyar tata. Wannan aikin wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira T, masu wata alama a fatarsu mai suna CD8. Daga ɓargo suke fitowa, su balaga a taimus, wata ƴar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji.

Kusan kowace ƙwayar jiki tana baje guntayen furotin ɗin da take ƙerawa a kan fatarta, bisa wani mazauni mai suna MHC I, kamar mai talla da faifanta. Guntun yawanci amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 8 zuwa 10 ne. T na bi tana dubawa. In ta ga baƙon guntu, na cuta ko na ciwon daji, sai ta manne, ta zuba wani furotin mai suna perforin ya huda fatar, wani kuma mai suna granzyme ya bi ta kafar ya shiga. Daga nan ƙwayar da kanta za ta daddatsa DNA ɗinta, ta takure, ta mutu ba tare da ta fashe ba. Maƙwabciyarta lafiya lau. T ta saki, ta nufi ta gaba.

A kamuwar farko, sai wajen mako guda kafin masu gane wannan cutar su hayayyafa su isa yaƙi. Allurar rigakafin ƙyanda ta wata 9 wannan jinkirin take yankewa, don tana barin ƙwayoyin T masu tuna cutar.

Abin da ya fi damunmu a Damagaram shi ne tamowa. Tamowa mai tsanani tana ƙanƙantar da taimus ɗin yaro, ƙwayoyin T su ragu, shi ya sa ƙyandar bazara da ƙosasshen yaro ke tashi daga gare ta take kayar da ramamme. Sida kuma ƙwayoyin T masu alamar CD4 take cinyewa, waɗanda ke zaburar da CD8. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1500 a mikrolita guda (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) na jini. In suka sauka ƙasa da 200, tarin fuka da sauran cututtuka sun sami ƙofa.

Wani lokaci kisan ne ke ɓarna. A ciwon hanta nau'in B, yawancin raunin hantar daga T yake, tana ta kashe ƙwayoyin da suka kamu shekara da shekaru, har tabo ya maye gurbin nama.