Yadda na auna tayin aiki biyu kafin in sa hannu

Takardun ɗaukar aiki biyu suka zo mini kusan lokaci guda, kuma duk wanda na gaya wa tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi albashi? Na farko ya fi, da 'yar tazara. Sai dai ban yarda in yanke hukunci a kan wannan lambar kaɗai ba. Na ɗauki biro da takarda, na mayar da kowane alawus da kowace alfarma zuwa kuɗin shekara.

Da fansho na fara, kuma nan ne na fi daɗewa. Abin da kamfani ke zubawa daga aljihunsa nake nema, ba wanda ake yanka daga albashina ba. Kamfanin farko ya ce kashi 10 cikin 100, na biyu ya ce kashi 8. A ido na farko ya ci. Da na tambayi a kan me ake lissafin kason, sai labari ya canza: na farko a kan tsurar albashi yake yi, alhali kusan rabin abin da yake biya alawus-alawus ne, na biyu kuwa a kan jimillar kuɗin gaba ɗaya. Kashi 10 na rabi 5 ke nan, ka ga 8 ta wuce shi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wuraren da kuɗin da kamfani ya zuba maka ba ya zama naka sai ka cika wasu shekaru a bakin aiki, saboda haka wannan ma na tambaya.

Inshorar lafiya ta fi wuyar aunawa, don darajarta ba ta bayyana sai ranar da ciwo ya zo. Na nemi ganin takardar inshorar kanta. Wa ta ɗauka, ni kaɗai ko har da iyali? Nawa ne iyakar abin da take biya a shekara, wane asibiti aka yarda da shi, kuma yaya batun ciwon da mutum ya shigo da shi? Ta kamfanin farko ni kaɗai ta ɗauka.

Hutu ma kuɗi ne. Mai aikin kwana 5 a mako yana da ranakun aiki kusan 260 a shekara, don haka ƙarin kwana 5 na hutu ya kusa kashi 2 cikin 100 na albashi. Ma'aunin da na riƙe shi ne na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: yarjejeniyarta ta 1970 ta ce hutun shekara mai albashi kada ya gaza mako 3, ta 2000 kuma ta sa hutun haihuwa aƙalla mako 14, ko da yake ba kowace ƙasa ce ta amince da su ba.

Bonas ɗin ƙarshen shekara kuwa, da yake an rubuta cewa sai yadda shugabanni suka ga dama, sifili na sa masa a lissafina. Haka na yi wa alƙawarin horo da ƙarin girma da aka yi mini da baki.

Na biyun na zaɓa. Kafin in sa hannu na gaya musu akwai wani tayin da ya fi nasu albashi. Ba su ƙara ko sisi ba, amma sun yarda inshorar iyalina ta fara aiki daga ranar farko, ba sai na gama watannin gwaji ba, kuma na sa aka rubuta hakan a cikin takardar.