Tirelar kwana mai siffar ɗigon hawaye: daga ina ake fara awo

Wannan 'yar tirela da ƙaramar mota ke ja, mai ɗakin kwanan mutum biyu a gaba da kicin a baya, a Amurka ta samo asali tun shekarun 1930, ta kuma bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Girmanta na asali ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, don kuwa girman fallen filawud ke nan, wato katakon da ake manne siraran ninkinsa da gam. Har yau mu masu ƙera ta da falle da katifa muke fara lissafi.

Faɗin ƙafa 4 inci 48 ne. In ka ɗora bango biyu a kan daɓe, kowane mai kaurin inci 3/4, abin da ya rage a ciki inci 46 da rabi ne, kuma mutum biyu za su kwana a matse. Shi ya sa masu saye suka fi son ƙafa 5. A nan ma akwai tarko: babbar katifa mai faɗin inci 60 ba ta shiga cikin 58 da rabi. Ko dai a liƙa bangon a gefen daɓen maimakon a kansa, ko a rage soson katifar. A yanke wannan shawara kafin mai walda ya taɓa ƙarfe. Sannan ƙafa 5 ta wuce faɗin falle, dole a yi wa daɓe haɗi, haɗin kuma ya faɗo a kan ƙarfen firam, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin tirelar. Ta tsawo, katifar inci 75 a jikin inci 96 tana barin 21 kacal, saboda haka ƙafafun mai kwana suke shigewa ƙarƙashin kabad ɗin kicin.

Firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ake yi, inci 2 da 2, kaurin 1/8. Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wurin aksul, ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Kicin yana baya, da batir da jarkar ruwa da tukunyar gas, duk nauyi ne a wutsiya. In aksul ya zauna a tsakiya, gaba ya yi sakayau, tirela ta riƙa kaɗa gindi da zarar mota ta ɗauki gudu. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin duka ya sauka a kan mahaɗin mota. Tirelar kilo 450 tana son kilo 45 zuwa 68 a wurin. A jikin ƙafa 8, aksul yakan faɗo wajen inci 32 zuwa 36 daga baya, amma kada a ƙarasa waldarsa sai an loda kaya an sa sikelin gida ƙarƙashin mahaɗin an gani. A lura kuma, matsar da aksul gaba yana kawo madigadi bakin ƙofar shiga, wadda ke gefe a gaban taya.

Bango, ko filawud ɗaya mai 3/4, mai sauƙin aiki amma nauyi, ko a yi ƙwarangwal na katako a cusa soso mai tauri a rufe ciki da waje da siririn falle. Na biyun ya fi tare zafi. A haɗa bangon hagu da na dama a yanke su tare, in ba haka ba rufi ba zai zauna daidai ba.

Rufi filawud 1/8 ne, ninki biyu, a shimfiɗa shi jijiyar katakon tana ratsa faɗin tirelar. In jijiyar ta bi tsawon tirelar, karyewa yake in an lanƙwasa shi. Alminiyam mai kaurin inci 0.040 ake rufawa a sama, kuma ba a shafe shi da gam duka, domin rana na buɗa shi fiye da katako, sai ya kumbura. Ƙarfen gefe ne zai riƙe shi.

Ruwa ta bakin filawud da ramin sukur yake shiga, musamman a hinjin murfin kicin. Duk bakin da aka yanka a shafe shi da epoksi, gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, a sa tef ɗin butil, wato tef ɗin roba mai danƙo, ƙarƙashin hinji da tagogi. A bar ramin inci 14 da 14 a rufi don fanka: numfashin mutum biyu a ɗaki ƙanƙani haka yakan jiƙa bango kafin asuba, katako ya fara ruɓewa daga ciki.