Abin da na koya daga horar da ƙananan yara wasan tanis

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikin mataimakin koci a kulob ɗinmu, kuma tun da abokan aiki sun san dalilin tafiyata, babu amfanin in yi ta kewaye-kewaye. Abu mafi girma da na koya a nan shi ne cewa tsarin gasa ne yake yanke abin da yaro zai koya, domin duk abin da koci ya faɗa a lokacin atisaye, yaro zai riƙe abin da ya ga yana kawo nasara ranar gasa ne kawai. Na koyi wannan ne a ƙarƙashin shugaban da ya ƙi yarda da shi har sai da ya ga riba a cikinsa.

Maganar ba sabuwa ba ce. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta ƙaddamar da shirinta na sauƙaƙa wasan ga masu farawa tun a 2007, sannan daga farkon 2012 ta mayar da shi doka cewa ba za a yi gasar yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa da ƙwallon manya mai ruwan ɗorawa ba. Matakai uku ta tsara. Jan ƙwallo, wanda saurinsa ya gaza na manya da kusan kashi 75 cikin ɗari, ana buga shi a fili mai tsawon mita 11 da raga mai tsayin santimita 80. Mai ruwan lemo ya gaza da rabi, filinsa mita 18. Koren ya gaza da kashi 25, shi kuma ana buga shi a cikakken fili mai tsawon mita 23.77. Raket ɗin ma yana tafiya da girman yaro, daga gajere har ya kusanci inci 27 na manya. Hikimar abin a fili take ga duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da yaro yana bugu: ƙwallon manya, idan aka sake shi daga tsayin santimita 254 kamar yadda ake gwada shi, yana tashi tsakanin santimita 135 zuwa 147, alhali ɗan shekara bakwai galibi tsayinsa bai kai haka ba. A filayenmu na siminti, cikin zafin bazara, tashin ma ya fi haka.

Lokacin da aka zo shirya gasar hutun makaranta, na kai wa babban kocinmu tsari a rubuce. Na nemi a raba ƙananan yaran gida-gida, kowa ya kara da kowa a rukuninsa, a yi gajerun wasanni na wanda ya fara kai maki bakwai ko goma, kuma a shata ƙananan filaye a gicciye, tun da faɗin babban fili ya yi daidai da tsawon filin jan ƙwallo, ta yadda fili ɗaya zai ɗauki wasanni huɗu a lokaci guda. Bai karanta takardar har ƙarshe ba. Ya ce mini a gaban yara masu tsintar ƙwallo, "Malam, mu nan tanis muke koyarwa, ba wasan 'yar tsana ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar hukumar duniya ce." Ya ce hukumar duniya ba ita take biyan albashina ba, iyaye ne, kuma iyaye ba su kawo 'ya'yansu don su buga soso ba.

Adalci ne in ce mutumin ya iya wasan, kuma a zamaninsa ya yi suna. Da raket ɗin katako da ƙwallon manya ya koya, ya sha wahala har ya gwanance, saboda haka a ganinsa wahalar ita ce makarantar. Abin da bai taɓa lissafawa ba shi ne yawan tsararrakinsa da suka fara tare da shi suka gudu.

Aka yi gasar yadda yake so: sili-ɗaya-ƙwale, cikakken fili, ƙwallon manya, cikakken set, wato sai ɗan wasa ya ci zagaye shida. Wannan tsari ma'anarsa rabin yaran sun koma gida bayan wasa ɗaya, kuma mafi ƙanƙanta ne suka fara komawa. Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai da nake horarwa, wadda da jan ƙwallo takan yi musayar bugu mai tsawo ba tare da ta zubar ba. A ranar an tsayar da ita a bayan layin ƙarshe, kusan mita goma sha biyu daga raga, da raket ɗin yayanta wanda sai da hannu biyu take iya ɗaga shi. Sabis ɗinta, wato bugun fara wasa, ko ragar bai kai ba, na farko ya faɗi, na biyu ya faɗi, maki ya tafi. Idan abokiyar karawarta ta yi nata, ƙwallon ya dira ya tsallake kanta tana bin sa da ido. Aka tashi shida da babu, ba ta mayar da ƙwallo sau biyu a jere ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai je ta zauna a gindin shingen waya tana kwance igiyar takalminta tana sake ɗaurewa, har mahaifinta ya zo ya ɗauke ta a babur. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Wanda ya ci kofin yaro ne dogo wanda ya gano cewa idan ya cilla ƙwallo sama kamar mai jifan mangwaro, zai dira ya wuce kan kowa. Aka yi masa tafi, aka ɗauki hoto. Cikin makonnin da suka biyo baya sauran yaran duka suka koma cilla ƙwallo sama, suka kuma karkatar da riƙonsu har tafin hannu ya koma ƙarƙashin mariƙin raket domin su iya tare abin da yake zuwa musu a saitin goshi. Irin wannan riƙo yana wahalar da wuyan hannu, yana hana yaro ɗaukar ƙwallon da ya yi ƙasa, kuma gyara shi bayan ya zauna ya fi koyar da sabon ɗalibi wuya. Babu wanda ya ƙara matsowa gaban raga, babu mai neman kusurwa, domin babu ɗaya daga cikinsu da yake kawo maki a fili mai wannan girma.

Da zangon ya ƙare aka ga yawan ƙananan yara ya ragu, sai aka kira taron kwamiti, kuma a nan ne babban kocin ya ce ajin ƙanana a hannuna yake, don haka ni zan yi bayani. Na yi shiru, domin a irin wannan zama idan ƙarami ya ƙaryata babba, ko da gaskiya a hannunsa, rashin kunya za a kira abin. Aka rage mini kwanakin aiki. Na ci gaba da amfani da jajayen ƙwallaye a ajina da safe, waɗanda na saya da kuɗina, ina shata layi da alli ina ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu a madadin raga. Bayan wani lokaci ɗaya daga cikin manyan 'yan kwamitin ya dawo daga Ingila, inda ya ga jikokinsa suna wasa da irin waɗannan ƙwallaye, ya tambaya me ya sa ba mu yi. A gasar da ta biyo baya tsarina ne aka bi, layi bayan layi, kuma a jawabin rufe taro babban kocin ya kira shi sabon salon da ya daɗe yana nazari a kai. Yaran da suka fi taka rawa a ranar 'yan ajin safe ne, iyayensu kuma sun san wanda ya koya musu.

Sauran darussan ƙanana ne. Tsohon ƙwallon manya da ya saki ba ya maye gurbin mai ruwan lemo, domin nauyinsa yana nan, kuma babu biyu da suke tashi iri ɗaya. Kada a matsar da yaro daga ja zuwa ruwan lemo saboda ya cika shekara ko saboda mahaifinsa ya matsa; a bari sai ya iya yin sabis, ya riƙe musaya, ya ƙirga makinsa da kansa. Ƙananan yara suna manta maki, saboda haka kowane fili yana buƙatar babba ɗaya mai ƙirgawa, kuma kada ya zama uban ɗaya daga cikin masu wasan. Iyaye su tsaya a bayan shinge. A lokacin hunturu jan ƙwallo na soso ba ya jure iska a fili buɗaɗɗe, gara a nemi jan ƙwallo mai gashi. Wasan da aka ƙayyade wa minti ya fi sauƙin tsarawa fiye da na maki idan yaran suna da yawa kuma ana son a tashi kafin azahar.

Ga wanda zai gaje ni, jajayen ƙwallayen suna cikin kwali a ɗakin ajiya, na bar su ga yaran ko da yake ba a taɓa mayar mini da kuɗinsu ba. Idan kana da shawara kan gasa, ka rubuta ta, ka sa kwanan wata, ka miƙa kwafi ɗaya ga sakataren kwamiti kafin ka kai wa Oga nasa.