Littafin da na ɓoye a ƙasan akwati

Shekara bakwai ina rubutu ba wanda ya sani. Littafin 'yan makaranta ne mai ganye sittin, nakan tura shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan Zumuntar Mata, in rufe da makulli.

Ni Bahaushiya ce daga yankin Malumfashi, iyaye da kakanni Masihiyawa ne. Amma tun ina sakandare, da an ji sunana na baftisma sai a ce, "To ke asali wace ƙabila ce?" Tambayar nan ta bi ni har kan takarda. Ina ganin duk abin da na rubuta za a ce Hausar 'yan coci ce. A ikkilisiya kuma ina tsoron a tambaye ni wa ya aike ni, ni da ban taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Sai na koma aron bakin masu wa'azi, ina jera aya bisa aya, "ya ku ƙaunatattu cikin Ubangiji".

Sau ɗaya na yi ta maza na ba wata uwa a cocinmu ta karanta. Da ta dawo min da shi ta ce, "'Yata, ban ga kuskure ba. Amma ke ma ban gan ki a ciki ba." Na sha kuka a ranar. Wata takwas ban ɗauki biro ba.

Rasuwar Kaka ce ta dawo da ni. Ta bar min Littafinta Mai Tsarki, tsohon juyin nan da su Dakta Miller na Wusasa suka yi aikinsa, wanda aka fara bugawa a 1932. Bangon ya yage, ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa da baƙin zare. Tsinken tsintsiyar da take sa alama da shi yana Matiyu 25, wurin bawan da ya haƙa rami ya binne talantinsa. Na daɗe ina kallon wurin. Bawan nan bai yi sata ba, bai ci kuɗin ba. Da ubangidansa ya dawo, bawan ya ce masa tsoro ya ji. Akwatina ya faɗo min a rai, jikina ya yi sanyi.

A daren na rubuta yadda Kaka take addu'ar asuba a bakin murhu, tana hura wuta tana cewa, "Yesu, ga ni na tashi. Gwiwar nan dai tana nan, amma mun gode." Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba.

Ranar taron Zumunta na karanta shi a tsaye, takarda na rawa a hannuna, sau biyu murya ta sarƙe. Da aka tashi wata tsohuwa ta riƙo zanena ta ce, "Haka uwata take yi. Kwafa min, zan aika wa 'yata a Kaduna."

Da hannu na kwafa mata, a kan bencin coci, kafin a kulle ƙofa.