Mai gahawa a unguwar ɗalibai

Shagona yana Yalwa, a kan hanyar Dass, ba nisa da ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Gahawa da shayi nake sayarwa, sai masa da safe, da dabino da cincin ga mai son abin taɓawa. Ɗakuna biyu ne na fasa bangon da ke tsakaninsu. Ɓangare ɗaya tebura ne da kujeru, ɗayan kuma darduma da tum-tum don wanda ya fi son ya miƙe ƙafa. Duk wanda ya kafa sana'a a wannan yankin, daga nan har Gwallameji inda kwalejin fasaha ta tarayya take, ya san kalandar makaranta ce ke riƙe da cinikinsa. In an dawo karatu sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. In an tafi hutu kuwa, titi ya yi fayau, har mai keke Napep ya riƙa leƙowa yana tambaya ko akwai mai fita.

Ɗalibi ba babban mai saye ba ne, wannan kowa ya sani. Zai karɓi kofi ɗaya, ya nemi kujerar da ke kusa da soket, ya buɗe kwamfuta, ya zauna tun hantsi har a kira la'asar. Abokan sana'a sun sha ce min in sa ƙa'ida, wanda ya wuce awa guda ya sake saye ko ya tashi. Ban yarda da wannan shawara ba, kuma ba don tsabar kirki ba ne kawai. Yaron da ya rubuta furojet ɗinsa a teburinka, shi ne zai kawo iyayensa ranar bikin yaye ɗalibai, shi ne kuma bayan shekaru zai dawo Bauchi da iyalinsa ya ce bari in nuna muku inda na yi karatu. Da yawa daga cikin baƙin da nake samu lokacin hutu ta wannan hanyar suka zo.

Su baƙin hutu, hunturu ne ke kawo su. Daga Disamba zuwa watannin bazara ne aka fi zuwa gandun dajin Yankari, saboda ciyawa ta bushe, namun daji suna taruwa a bakin kogin Gaji, ana ganinsu ba wahala. Masu zuwa daga Kano, Kaduna, Jos ko Abuja galibi sukan kwana a cikin gari, su ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, washegari su kama hanyar Gombe, su karya kwana a Dindima su nufi dajin. Tafiyar ta haura kilomita 100, don haka sammako ake yi. Saboda su nake buɗewa da an sallame sallar asuba a waɗannan watannin. Nakan cika musu filas, in naɗe musu masa, in kuma gargaɗe su game da birran sansanin Wikki, masaukin baƙi a cikin dajin, waɗanda ba sa jin kunyar fizge leda daga hannun mutum. Masu yara nakan ce musu kada su manta da kayan wanka, domin ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗuminsa kusan digiri 31 ne dare da rana, ko ana tsananin sanyi.

Abin da baƙo ya fi faɗa in ya zauna shi ne, wurin nan akwai natsuwa. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai, sai dai natsuwar aiki ce ake yi mata kullum. Ba na kunna talabijin, ko ranar da ake buga babban wasa, duk da na san ina asarar ciniki. Janareto ma na rabu da shi na koma sola da batir, domin ƙararsa da hayaƙinsa suna korar mai karatu, ga kuma kuɗin mai da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Akwai kusurwar da na ware wa mata da labule mara nauyi, saboda ɗalibai mata su zauna ba tare da ana bin su da ido ba. Lokacin salla ana sauke buta, a shimfiɗa tabarma a baranda. Da azumi kuma sai bayan shan ruwa muke buɗewa, mu kai har tsakar dare.

Ita gahawar, daga tsaunin Mambila nake samo ta, can ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Wurin yana da tsayin kusan mita 1,600, kuma irin gahawar da ake kira Arabika sai a tudu mai sanyi take yin kyau. Ta fi ɗayar, wato Robusta, ƙamshi da taushi a baki, ita kuwa Robusta ta fi ɗaci, kuma sinadarin da ke hana barci ya kusa ninki biyu a cikinta. Ɗanyar ƙwaya nake saye ta hannun wani ɗan kasuwa da ke zuwa Gembu, in tsince ta a faifai, in fitar da tsakuwa da waɗanda ƙwaro ya huda. Ƙwaya ɗaya da ta yi funfuna tana iya ɓata buta guda.

Suyar ita ce zuciyar sana'ar, kuma har yau ban bar wa yara ita ba. A kasko mai kauri nake yi, kan wuta matsakaiciya, hannu ba ya tsayawa da juyi. Da farko ƙwayar launin kore-kore take, tana warin ɗanyar ciyawa. Can sai ta koma rawaya, ɓawonta mai laushi ya fara tashi yana bin iska, sannan ta yi ruwan ƙasa. Daga nan kunne ne ke aiki, ba ido ba: za ka ji ta fara fashewa kamar gugguru. In ka sauke jim kaɗan bayan wannan, za ka sami gahawa mai ɗan tsami-tsami da ƙamshi. In ka bari ta yi baƙi har mai ya fito a jikinta, ɗaci ya rinjayi komai. Ana saukewa sai a baza ta a tire a yi ta fifita, domin zafin jikinta yana ci gaba da dafa ta. Nauyinta kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida a wurin suya, kuma wanda bai sa wannan a lissafinsa ba zai yi ta mamakin inda ribarsa take tafiya. Nakan bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a fara sha, kuma ba a niƙa sai an zo saye. Ruwa ma ba a zuba shi yana tsakiyar tafasa, sai ya ɗan sarara kamar minti guda.

Bakin mutanenmu ya saba da shayi mai madara da sukari, don haka ba na tilasta wa kowa shan gahawa zalla. Wadda ta fi tafiya ita ce mai citta da kanumfari da kirfa, a ƙaramin kofi, da dabino biyu a gefe. Wata Hajiya da ta zo daga Kano da jikokinta ta kurɓa, ta ajiye kofin, ta ce, "Malam, wannan ai irin wadda muka sha a Madina ce, sai dai taku ta fi duhu." Na ce, "Gaskiyarki Hajiya, su ba sa barin ta ta soyu sosai, shi ya sa tasu take fitowa ja-ja." Ta sa aka ƙara mata, ta kuma ce a haɗa wa yaran shayi mai madara.

Lokacin da na fi jin jiki a sana'ar nan shi ne 2022, da jami'o'in gwamnati suka zauna a rufe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. Masu hoto, masu buga takardu, masu abinci, duk unguwar ta durƙushe, wasu ba su sake tashi ba. Abin da ya riƙe ni shi ne baƙi masu wucewa, da kuma soyayyar gahawa da na fara ƙullawa a leda ina aikawa ta tasha zuwa Gombe da Jos da Kano. Yanzu wannan ɓangaren ya zama ƙafa ta biyu a kasuwancin, shi ke biyan albashin yaran shago in ɗalibai sun tafi gida.

Baƙon da ya nemi ya tafi da tsaraba, nakan tambaye shi ko yana da abin niƙa a gida. In babu, ƙaramin turmi mai tsabta wanda bai taɓa ganin barkono ba ya wadatar. Nakan ba shi ƙwayar da bai fi ya shanye cikin wata guda ba, in ce ya zuba a kwalba mai murfi, ya ajiye nesa da rana da kuma kayan yaji. Wasu sukan so su ɗauki kilo biyu ko uku a lokaci ɗaya, sai in rage musu, in rubuta musu lambar shago a jikin ledar don in ta ƙare a aika musu sabuwar suya.